Mece ce Birikis? Ma'aunin zaƙin da ke yanke ranar tsinkar inabi

Wanda ke zirga-zirga tsakanin masu lambun inabi na wajen Kudan da Hunkuyi, ko yake karanta rubutun da ke jikin kwalin ruwan 'ya'yan itace a kantunan Sabon Gari, zai iya cin karo da kalmar Birikis. A rubuce Brix take fitowa, wani lokaci a taƙaice °Bx. Sunan wani masanin lissafi ne ɗan ƙasar Jamus, Adolf Brix, wanda ya rayu daga 1798 zuwa 1870, ya kuma gyara jadawalin auna sukarin da ke narke cikin ruwa. Ma'anarta ba wuya: digiri ɗaya na Birikis shi ne giram ɗaya na sukari a cikin giram 100 na ruwan da ake aunawa. Idan aka ce inabi ya kai Birikis 18, ana nufin kowane giram 100 na ruwansa yana ɗauke da kusan giram 18 na sukari.

An ce "kusan" ne saboda na'urar da ake awon da ita ba sukari kaɗai take gani ba, duk abin da ya narke a ruwan tana lissafa shi, har da tsami da gishirin ma'adinai. Sai dai a nunannen inabi sukari ne fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ya narke, don haka lambar tana kusa da gaskiya. A ɗanyen inabi kuwa, inda tsami ya yi yawa, tana ɗan yi wa sukarin ƙari. Don a samu abin kwatance: ɗanyen tumatir yakan tsaya tsakanin 4 da 6, kankana mai kyau 10 zuwa 12, lemon kwalba kusan 10 ko 11, ruwan rake da ya ƙosa wajen 20, zuma kuwa ta kan kai 80.

Abin da ya sa wannan lamba ta fi damun mai inabi fiye da mai mangwaro ko mai ayaba shi ne inabi ba ya ƙarasa nuna a kwando. Ayaba ana sare ta da ɗanyenta, a rufe, sitacin cikinta ya juye sukari. Inabi ba shi da wannan ajiyar. Sukarinsa daga ganye yake zuwa kullum, ranar da aka yanke nonon inabin, wato curin 'ya'yan, daga jikin uwar kuwa an yanke hanyar. Wanda aka tsinka yana 13, a 13 zai isa kasuwa. Launi kuma yana yaudara, musamman a baƙin inabi, domin fatar kan yi baƙi tun saura makonni sukarin ya cika. Yawancin inabin gida da mai saye ke ɗanɗanawa ya yamutsa fuska, ya koma kan na kwali da aka shigo da shi, ba irin ne ke da laifi ba, da launi aka yanke masa hukunci.

Na'urar awon ana kiranta rifiraktomita. Ta hannu ba ta wuce tsawon ƙaramar tocila ba, ba ta cin batir, kuma wadda ta dace da inabi ita ce mai ma'auni daga 0 zuwa 32. Tana da gilashi a gaba da murfin roba mai ɗagawa, da wurin leƙawa a baya. Ana ɗiga ɗigo biyu ko uku na ruwan a kan gilashin, a rufe murfin yadda ruwan zai baje ba tare da kumfa ba, a jira kamar daƙiƙa 30, sannan a fuskanci haske a leƙa. Za a ga shuɗi a sama, fari a ƙasa. Inda suka haɗu nan ce lambar. Dalilin da ya sa take aiki shi ne haske yana lanƙwasa idan ya ratsa ruwa, kuma gwargwadon kaurin ruwan gwargwadon lanƙwasar.

Kafin a fara awo kowace rana sai an saita ta. A ɗiga tataccen ruwa, irin wanda ake ƙarawa a batirin mota amma ba asid ɗin ba, a duba ko layin ya tsaya a sifili. In bai tsaya ba a juya ɗan sukurun da ke samanta har ya tsaya. Wanda ke son ƙarin tabbaci ya narkar da giram 20 na sukari a giram 80 na ruwa, dole ta nuna 20. Akwai kuma batun zafi, wanda ya shafe mu ƙwarai a Zariya. An gina ma'aunin ne a kan digiri 20 na zafi. Na'urorin da aka rubuta wa ATC suna gyara kansu, amma yawanci daga digiri 10 zuwa 30 ne kawai. A watan Maris da Afrilu, da rana tsaka, mun wuce nan, kuma na'urar da ba ta gyara kanta za ta iya rage kusan digiri ɗaya na Birikis. Saboda haka da safe ake awo, bayan raɓa ta bushe, a inuwa, kuma kada a bar na'urar cikin mota ko aljihun da rana ke duka.

Kuskure mafi girma ba a na'urar yake ba, a wajen ɗibar samfuri yake. Hannun mutum da kansa yake kai wa ga ƙwayar da ta fi girma da baƙi, wadda ke waje tana shan rana, ita kuwa takan fi 'yan uwanta da digiri biyu ko uku. Sai a tsinke lambu gaba ɗaya a kan shaidar ƙwaya biyar. Yadda ya kamata shi ne a tara ƙwaya 100 zuwa 200 daga bishiyoyi da yawa, daga ɓangarorin layi biyu, wasu daga kafaɗar nono, wasu daga tsakiya, wasu daga jela, har da na cikin inuwa. A tsallake bishiyoyin bakin layi domin sun fi samun rana da iska. A zuba a leda mai ƙarfi, a murje da hannu ba tare da fasa 'ya'yan ciki ba, a tace, a gauraya, sannan a auna. Kowane iri da nasa samfurin, kowane sashe na lambu da aka datse wa rassa a rana daban shi ma da nasa. Daga lokacin da ƙwaya ta fara laushi da sauya launi a riƙa awo sau ɗaya a mako, in tsinka ta matso a koma sau biyu, a kuma rubuta a littafi da kwanan wata. Rubutun nan shi ke nuna ko sukarin yana hawa ko ya tsaya.

In ya tsaya ƙasa da inda ake so, dalilan sanannu ne. Na farko kwaɗayin nauyi: an bar wa bishiya nonna fiye da abin da ganyenta zai iya ciyarwa, alhali kowane nono yana buƙatar lafiyayyen ganye kamar 12 zuwa 15 a reshensa. Sai cutar fumfuna da ke ƙona ganye, da yawan yuriya a ƙarshen lokaci wanda ke tura ƙarfin bishiya ga sabon toho, da ƙarancin fotash, da ban ruwa mai yawa gab da tsinka wanda ke kumbura ƙwaya ya tsarma ta, wani lokaci har ta tsage. Akwai kuma hawan ƙarya. Idan ƙwaya ta fara yanƙwanewa saboda zafi ko ƙishirwa, lambar za ta tashi da sauri, amma ruwa ne ya tsere, ba sukari ne ya ƙaru ba, kuma sikeli zai nuna asarar. Tsuntsaye su ma suna sa a yi gaggawar tsinka. Raga ta fi sauƙi a kan sayar da inabi mai tsami.

Nawa ake nema? Ya danganta da abin da za a yi da shi. Ƙa'idar inabin ci ta Codex, wato kundin ƙa'idojin abinci na duniya, ta sa 16 a matsayin mafi ƙaranci. Ta yarda da ƙasa da haka bisa sharaɗi: daga 14 zuwa ƙasa da 16 sai sukari ya ninka tsami sau 18, daga 12.5 zuwa ƙasa da 14 kuma sau 20. Nan ake gane cewa Birikis rabin labari ce. Inabi mai Birikis 16 da tsami 0.8 cikin 100 yana da ninki 20, zai yi ɗan kaifi a baki. Wani mai 16 ɗin amma tsaminsa 0.5 yana da ninki 32, harshe zai ce ya fi zaƙi nesa ba kusa ba, alhali sukarinsu ɗaya. Auna tsami aikin ɗakin gwaji ne, kuma garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken noma ta Samaru bai rasa inda za a yi shi ba.

Irin inabi ma yana da nasa mizanin. Na ci, irin su Thompson Seedless da Red Globe da Crimson Seedless, manyan ƙwayoyi ne masu nama, ana tsinkarsu tsakanin 16 da 20. Bangalore Blue na ƙasar Indiya, baƙi mai 'ya'ya a ciki, yakan tsaya wajen 16 zuwa 18 da tsami mai ƙarfi, shi ya sa ya fi dacewa da matsewa. Na zabibi ana barinsa ya kai 20 ko sama, domin ko a haka sai an shanya kilo huɗu da wani abu kafin a samu kilo ɗaya. Sai irin da Turawa ke nomawa don giya, kamar Cabernet Sauvignon da Malbec da Chardonnay, masu ƙananan ƙwayoyi da kaurin fata, waɗanda ake kai wa 21 zuwa 25 saboda yis yana cinye sukarin ya bar barasa kimanin rabin lambar da ɗan ɗoriya. Musulmi ba ruwansa da wannan sana'a, amma mai sayen dashe ya kamata ya san sunayen, don kada a sayar masa da irin da ba ya shiga kasuwar ci.

Daga wajen manoman inabin giya ne aka fi nazarin tasirin tudu. Duk hawan mita 100 zafi yana sauka da kusan digiri 0.6. A kwarin Uco na yankin Mendoza a Ajantina ana noman Malbec sama da mita 1,000 a gindin tsaunukan Andis, a Cafayate kuma ana noman wani farin inabi mai suna Torrontés a kusan mita 1,700. Rana mai ƙarfi tana sa ganye ya tara sukari, fata ta yi kauri da launi. Dare mai sanyi yana hana ƙwaya ƙona tsaminta, domin ɗaya daga cikin tsami biyun inabi, wanda ake kira malik, zafi ne ke cinye shi. Sakamakon shi ne Birikis mai yawa tare da tsamin da bai gudu ba. Zariya tana sama da mita 600 kaɗan, ba tsauni ba ce, amma hunturu yana ba mu wani abu makamancin haka: rana garau, dare da sanyi, iska busasshiya da ba ta yi wa fumfuna daɗi. Garin Nashik na Indiya, mai tudu kusan irin namu, da wannan yake cin kasuwar inabin ci, ana datse rassa a Oktoba a tsinka daga Fabrairu. Wanda ya datse a ƙarshen damina zai samu nunar inabinsa, bayan wata huɗu zuwa biyar, a cikin sanyi. Wanda ya makara har ta faɗa zafin bazara zai ga lamba ta hau, amma ɗanɗanon ya yi lami.

Masu matse ruwan inabi na sayarwa su ma na'urar za ta yi musu rana. Ruwan inabi na gaske, ko da daga kakkauran tushe aka tsarma shi, wato ruwan inabin da aka janye wa ruwa ya yi kauri, bai kamata ya gaza 16 ba. Tushen yakan zo a 68, don haka kilo ɗaya yana ɗaukar ruwa kilo 3.25 ya koma 16. Abin da ya fi muhimmanci shi ne sa ido a kan lambar bayan an matse. Fatar inabi tana ɗauke da yis nata, kuma a zafin ɗakinmu cikin kwana ɗaya ko biyu zai fara aiki. Idan jiya an auna 17 yau an ga 15, ga ƙananan kumfa, ga gora ta kumbura, to ruwan ya kama hanyar zama abin maye, sai a zubar. Rigakafinsa shi ne da zarar an matse a ɗumama shi ya kai digiri 80 zuwa 85 na 'yan mintuna, a ɗura da zafinsa a kwalba mai tsabta, a rufe, in an buɗe kuma a ajiye a firji.

A kan faranti, tsami da zaƙin nan su ne ke faɗin abin da ya dace da me. Tsami yana wanke maiƙo, shi ya sa baƙin ruwan inabi mai ɗan bauri yake tafiya da balangu ko tsire mai kitse. Zaƙi yana kwantar da yaji, don haka kilishi ko farfesu mai barkono ya fi son ruwan da ya kai 17 ko 18, da sanyinsa. Farin inabi mai kaifi ya fi dacewa da soyayyen kifi da wara. Da alkaki ko nakiya kuwa ba ya haɗuwa, domin duk abin shan da bai kai abincin zaƙi ba tsaminsa kawai ake ji. Ɗanyun nonnan da ake ragewa don sauƙaƙa wa bishiya ma ba shara ba ne: Larabawan Sham suna matse su, suna kiran ruwan hisrim, suna zuba shi a miya da salak a madadin lemon tsami.