Waiwaye: W.C. Handy, mai waƙoƙin da suka fi shi amo a bakin wasu

Duk wanda ya ɗan leƙa tarihin kiɗan baƙaƙen fatar Amurka to sai ya ci karo da sunan W.C. Handy, mutumin da ake ma laƙabi da uban blues, wato salon waƙar nan ta baƙaƙen fatar kudancin Amurka mai cike da koken zuci. Abun mamakin shi ne in ka je neman faya-fayan garmahon da shi da kansa ya yi, ba su da wani yawa, kuma gaskiya in ka saurara ba lallai su taɓa maka zuciya ba. Waƙoƙinsa ne suka zaga duniya, amma a bakin wasu.

An haife shi a 1873 a garin Florence na jihar Alabama, babansa limamin coci ne mai tsauri wanda yake ganin kayan kiɗan duniya na shaiɗan ne, har Handy ya ba da labarin yanda ya tara kuɗi ya sayo jita baban ya sa shi ya mayar ya musanyo ta da ƙamus. Duk da haka yaron bai bari ba, ya koyi busa konet, wato ƙahon nan irin na 'yan badujala, ya kuma koyi karanta kiɗa da rubuta shi a takarda, wanda shi ne makamin da ya raba shi da dubban makaɗan karkara da suka fi shi iya blues ɗin nesa ba kusa ba.

Shi da bakinsa ya faɗa cewa ba shi ya ƙirƙiro blues ba. Wajen 1903 yana jiran jirgin ƙasa a tashar Tutwiler a Mississippi, jirgi ya yi latti, sai ga wani mutum cikin tsummokara yana goga wuƙa a kan tsirkiyar jita yana maimaita layi ɗaya sau uku, ya ce bai taɓa jin kiɗa mai ban al'ajabi irin wannan ba. Amma ni a ganina abun da ya fi farkar da shi wani gidan rawa ne a garin Cleveland na Mississippi ɗin dai, inda jama'a suka nemi shi da ƙwararrun yaransa su ɗan huta a ba wasu samari uku 'yan gari wuri, ga kayan kiɗansu duk sun ji jiki, suka kama kiɗa ɗaya suna ta nanatawa, kafin ka ce me an fara yi musu ruwan daloli a ƙasa, liƙin da aka yi musu ya fi kuɗin da aka biya Handy da duka tawagarsa na daren. To daga nan mutumin ya gane inda kasuwa take.

A lokacin fa kuɗin waƙa ba a faifai yake ba, a takarda yake. Gidaje da yawa akwai fiyano, mutum zai je kanti ya sayi takardar waƙa ya kawo gida a kaɗa. A 1909 a Memphis Handy ya tsara wani kiɗa na kamfen ɗin E.H. Crump mai neman kujerar magajin gari, shi ne aka buga a 1912 da sunan Memphis Blues. Nan aka yi masa wayo, ya sayar da haƙƙin mallakar a kan abun da bai wuce dala 100 ba, waƙa kuwa ta tashi, wasu suka yi ta kwasar riba yana kallo, sai a 1940 ta dawo hannunsa. Wannan ƙunar ce ta sa da ya rubuta St. Louis Blues a 1914 bai sake ya ba kowa ba, kamfaninsu shi da abokinsa Harry Pace ne ya buga ta.

Yanzu mu zo kan faifan. Waɗanda suka fara naɗar Memphis Blues a 1914 badujalar kamfanin Victor ce ta turawa, sai ta Charles Prince a kamfanin Columbia, kiɗan ya fito tsaf-tsaf kaman na fareti. Manyan kamfanonin a lokacin ba su yarda baƙar mace ko baƙin namiji zai rera blues a faifai a saya ba. Handy da kansa sai a Satumban 1917 ya shiga ɗakin naɗa na Columbia a New York, kuma cikin abun da suka kaɗa harda Livery Stable Blues, kiɗan da wasu turawan New Orleans suka yi kasuwa da shi a farkon shekarar, kai ka ji, uban blues yana bin sawun masu kwaikwayo. In ka saurari faya-fayan nan za ka ji ƙwarewa, kowa yana bin takarda daidai, amma babu wannan kukan da ya ce ya ji a Tutwiler. Wani ɓangaren laifin na na'ura ne, babu makirfo a lokacin, wani ƙaton mazurari ake taruwa a gabansa a yi ta busa, allura tana zana sautin a kan kakin zuma, kowane gefen faifai kuma minti uku ne da 'yan kai. Amma ba duka za a ɗora wa na'ura ba, shi dai mutumin takarda ne.

Ƙofa ta buɗe ne a 1920 da Mamie Smith ta yi Crazy Blues a kamfanin Okeh, baƙaƙen fata suka yi ta rububin saye, kamfanoni suka farga ashe akwai kasuwar da suka yi ta rainawa. Pace ma ya rabu da Handy ya kafa nasa kamfanin faifai, Black Swan, a 1921, ya kwashe masa ma'aikata irinsu Fletcher Henderson, ga ciwon ido ya taso Handy gaba, 'yan shekarun nan dai bai ji daɗinsu ba.

Faifan da ni dai nake ganin ya biya Handy duk wahalarsa shi ne na 14 ga Janairun 1925. Bessie Smith ce ta rera St. Louis Blues, Louis Armstrong yana saurayi yana amsa mata da konet, Fred Longshaw kuma yana danna ƙaramin ogan irin na cocin ƙauye, mutum uku kacal. Sun ja waƙar a hankali ƙwarai, in ta yi layi ta tsaya sai ƙahon ya cike gurbin kaman mai ba ta haƙuri, wallahi ko ba ka jin Turanci za ka san mace ce namiji ya tafi ya bari. Abun da Handy ya ɗauko daga bakin talakawa ya ɗaure a takarda, su suka kwance shi. A 1929 Bessie ta sake rera ta a wani gajeren fim, wanda shi kaɗai ne hotonta mai motsi da ya rage.

Ba kowa ya yarda da laƙabin nan ba dai. A 1938 Jelly Roll Morton, wani makaɗin fiyano ɗan New Orleans, ya ji an kira Handy wanda ya ƙirƙiro kiɗan jazz da blues a rediyo, ya fusata ya rubuta doguwar wasiƙa yana cewa shi ne ya ƙirƙiro jazz tun 1902, Handy kuwa kwashe na mutane ya yi. Handy ya mayar masa da cewa shi bai taɓa ikirarin jazz ba, abun da ya yi shi ne rubuta kiɗan mutanensa. Kowannensu akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, sai dai shi mai wuƙar nan na tashar jirgi ko sunansa ba a rubuta ba balle ya ga sisi.

A 1943 Handy ya faɗo daga dandamalin jirgin ƙasa a New York, daga nan ganinsa ya tafi gaba ɗaya. Armstrong, wanda ya zo Najeriya a 1960, ya yi faifai guda cur na waƙoƙin Handy a 1954, sannan a Yulin 1956 ya busa St. Louis Blues tare da makaɗan babbar ƙungiyar kiɗan New York Philharmonic ƙarƙashin jagorancin Leonard Bernstein, kyamara ta ɗauko tsohon a cikin 'yan kallo yana share hawaye da hankici. Handy ya rasu a Maris ɗin 1958 yana da shekara 84.