Waiwaye: Asalin Ɗaukar Nauyin Karatu da Sana'ar 'Ya'yan Talakawa a Ƙungiyoyin Kirista

Tsarin ya zama sananne a yau. Ƙungiyar agaji ta Kirista ta nuna hoton yaro ko yarinya, da suna da shekaru da ƙasa. Wani mutum a Amurka ko Jamus ko Koriya ta Kudu ya yarda zai riƙa biyan kimanin dala 40 duk wata, a biya kuɗin makaranta, a sayi littattafai da yunifom, in yaron ya tasa a sa shi koyon sana'a. Wasiƙu su riƙa kai da komo a tsakaninsu. Compassion International kaɗai tana da yara fiye da miliyan 2 a wannan tsari, ta hannun coci-coci sama da 8,000. Abin ya girmi waɗannan ƙungiyoyi da ɗaruruwan shekaru, kuma gardamar da ake yi a kansa ba ta canza sosai ba: wa ke da ta cewa a kan yaron, mai bayarwa ko iyayen da aka bai wa?

Tushen yana Turai, kuma da 'ya'yan Turawa aka fara. A 1680 Jean-Baptiste de La Salle ya tara malamai a birnin Reims na Faransa domin su koyar da 'ya'yan matalauta kyauta, da Faransanci maimakon Latin ɗin da manya ke karatu da shi. A 1695 wani fasto, August Hermann Francke, ya buɗe makarantar talakawa a Halle ta Jamus da 'yan kuɗin da ya tarar a akwatin sadaka. Bayan shekara uku ya aza harsashin gidan marayu, ya haɗa da kantin magani da maɗaba'a, ribarsu tana ciyar da makarantar. Lokacin da ya rasu a 1727 ɗalibansa sun haura 2,000. A Ingila kuwa Robert Raikes ya soma makarantar Lahadi a Gloucester a 1780, don ita ce kaɗai ranar da yaran masana'antu ba sa bakin aiki. Burin farko dai a iya karanta Littafi Mai Tsarki. Maganar abin yi ta biyo baya ne, da aka ga yaron da ya iya karatu yana komawa titi da yunwarsa.

Wanda ya fi kowa riƙe wannan ɓangare na sana'a shi ne Giovanni Bosco, limamin Katolika na birnin Turin a Italiya, wanda aka fi sani da Don Bosco. A 1841 ya fara tara samarin da suka kwararo daga ƙauyuka neman leburanci, da yawansu sun riga sun ɗanɗana kurkuku. Da farko bai gina shago ba. Yakan kai yaro wajen mai sana'a, sannan ya zauna a rubuta yarjejeniya, shi ma ya sa hannu. Akwai irin waɗannan takardu na 1851 da 1852 da suke nan har yau, kuma sharuɗɗansu sun isa a tsaya a kansu: ubangida ba zai sa yaro wani aiki da ba na sana'ar ba, zai yi masa gyara da baki ba da duka ba, zai bar shi ya huta ranakun ibada, kuma lada zai riƙa ƙaruwa yayin da hannun yaro ke faɗawa. Duk wanda ya san yadda ake mayar da ɗan koyo ɗan aike zai gane cewa limamin ya san inda gizo ke saƙa. Da ya ga wasu iyayengida ba sa cika alkawari, sai ya buɗe nasa: ɗinkin takalmi da na tufafi a 1853, ɗinkin littattafai a 1854, kafinta a 1856, daga baya maɗaba'a da maƙera. Ƙungiyar da ya kafa a 1859, ta 'yan Salesiya, tana aiki a ƙasashe sama da 130, kuma tana gudanar da makarantun sana'a a da yawa daga cikinsu.

Dabarar haɗa mai bayarwa guda da yaro guda kuwa a fagen mishan ta tsiro. Bayan Ingila ta haramta cinikin bayi a 1807, jiragenta suka riƙa sauke waɗanda aka ceto a Saliyo, cikinsu har da yara marasa kowa. Ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, CMS, ta fito da hanyar tara kuɗi: ka biya wani abu duk shekara, a raɗa wa yaro sunan da ka zaɓa. 'Yan mishan na Amurka da suka isa Jaffna a arewacin Siri Lanka a 1816 sun yi haka nan, shi ya sa har gobe ake samun iyalan Tamil masu sunayen Amurkawan da ba su taɓa gani ba. A ɓangaren Katolika, wani bishop na Faransa, Charles de Forbin-Janson, ya kafa ƙungiya a 1843 inda yaran Turai ke ba da ɗan kwabo duk wata saboda jariran ƙasar Sin, wasu kuma su sami damar zaɓar sunan baftisma. Dabarar ta yi aiki ƙwarai, domin mutum ya fi saurin buɗe aljihu ga fuska ɗaya a kan taron da bai san adadinsa ba. Amma tun daga nan aka san wa aka gina tsarin dominsa. Yaro ya samu allo da abinci, sunan da iyayensa suka raɗa masa kuwa ya tafi a cikin cinikin.

Sana'ar ma ba ta tsira daga gardama ba. 'Yan mishan na Basel ta Switzerland sun kafa masaƙa a Mangalore ta Indiya, da masana'antar tayil na rufi a 1865, saboda dalili mai ƙarfi: wanda ya bar addinin gidansu yakan rasa sana'ar da ya gada tare da danginsa, dole a nema masa abin yi. A Gana sun horar da kafintoci da maƙera da magina waɗanda aka riƙa nema a duk gaɓar yammacin Afirka. Sai dai da abin ya shiga hannun masu tsara siyasa, ya ɗauki wani launi. A Amurka an kafa makarantar Hampton a 1868 da Tuskegee a 1881 domin 'yantattun bayi, bisa ra'ayin cewa aikin hannu ya fi dacewa da su. Masani baƙar fata ɗan Amurka W.E.B. Du Bois ya yi ta sukar wannan ra'ayi. Kwamitin binciken ilimi na gidauniyar Phelps-Stokes ta Amurka da ya zagaya Afirka a 1920 zuwa 1921, ya sake komawa a 1924, ya ba da shawarar a kwaikwayi wannan salo, gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila kuma ta rungume shi a 1925. Iyaye da yawa suka ƙi. Idonsu a buɗe yake: sun ga akawu ne ke ɗaukar albashi, kuma sun ga Baturen da ke yaba musu fartanya da zarto, nasa ɗan jami'a yake tura shi. A ganina suna da gaskiya. Koyon sana'a alheri ne idan zaɓi ne, in kuwa an ƙayyade maka shi domin kada ka wuce wani matsayi, ya zama takunkumi.

Akwai inda abin ya wuce takunkumi. A Kanada coci-coci sun gudanar wa gwamnati makarantun kwana da aka tura yaran 'yan asalin ƙasar kimanin 150,000, an raba su da iyaye da harshensu, dubbai sun mutu a can. Hukumar bincike ta kira abin kisan al'ada a 2015, Paparoma Francis kuma ya je ya nemi gafara a Yulin 2022. A Ailan rahoton Ryan na 2009 ya tona asirin duka da lalata da aikin bauta a makarantun sana'a da ƙungiyoyin Katolika suka riƙe. Duk da sunan taimakon ɗan talaka aka yi su.

Ƙungiyoyin da aka sani yau yaƙi ne ya haife su. Fasto J. Calvitt Clarke ya kafa asusun yaran ƙasar Sin a Richmond ta Amurka a 1938, lokacin yaƙin Sin da Japan, wanda ya koma Christian Children's Fund a 1951. Bob Pierce ya kafa World Vision a 1950, ta soma ɗaukar nauyin marayun yaƙin Koriya a 1953. Everett Swanson ya je yi wa sojoji wa'azi a Koriya a 1952, ya ga yara suna mutuwa da sanyi a titunan Seoul, daga nan Compassion ta samo asali. A Jamus aka kafa Kindernothilfe a 1959. Kusan dukkansu da gidajen marayu suka fara, sai a hankali aka gano yawancin yaran suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya sa aka kai su inda ake cin abinci. A shekarun 1960 aka fara juyawa zuwa tallafa wa yaro a gaban iyayensa.

Bayan samun 'yanci gwamnatoci da dama suka karɓe makarantun mishan: Siri Lanka a 1960 da 1961, Tanzaniya a 1969, Zayar (Kwango ta Kinshasa a yau) a 1974. Ba a jima ba bashi ya ci ƙasashen, matakan tsuke bakin aljihu na shekarun 1980 suka dawo da kuɗin makaranta a kan iyaye, sai ɗaukar nauyi ya sake samun kasuwa. Da Malawi ta soke kuɗin firamare a 1994, Yuganda a 1997, Kenya a 2003, giɓin ya matsa gaba zuwa sakandare da makarantun sana'a. Can ne yawancin kuɗin ke da tasiri yanzu.

Suka mafi zafi daga cikin masu aikin agaji ta fito. A 1982 mujallar New Internationalist ta Ingila ta roƙi masu karatunta kada su ɗauki nauyin yaro guda. Hujjojinta: fassara wasiƙu da ɗaukar hoto da bin diddigi suna cin kuɗi mai yawa, fifita yaro ɗaya yana haddasa hassada a gida da unguwa, kuma ana koya wa yaro godiyar dole ga baƙon da bai sani ba. A 1998 jaridar Chicago Tribune ta wallafa binciken 'yan jaridarta, waɗanda suka ɗauki nauyin yara ta hannun ƙungiyoyi huɗu, ba duka na Kirista ba, sannan suka bi sawu. Sun tarar wasu yaran abin da ya kai gare su kaɗan ne, wata yarinya ma ta rasu kuɗi na ta shiga ba a sanar da mai biya ba. Ko maganar hoto tsohuwa ce, domin tun 1877 aka tuhumi Thomas Barnardo na Landan da shirya hotunan yara cikin tsumma don jan tausayi. Da yawan ƙungiyoyi suka canza hanya. World Vision ta koma tara kuɗin wuri ɗaya tana aikin rijiya da aji da asibiti wa yankin gaba ɗaya, hoton yaro ya zama wakilin garinsu. A 2019 ta fito da wani salo inda yara ne ke duba hotunan masu bayarwa su zaɓa. Compassion kuwa ta tsaya a kan yaro guda.

Abin mamaki, da aka zo aunawa, tsohon salon bai ji kunya ba. A 2013 masana tattalin arziki uku, Bruce Wydick da Paul Glewwe da Laine Rutledge, suka wallafa binciken mutum sama da 10,000 a Boliviya, Gwatamala, Indiya, Kenya, Filifin da Yuganda, suna kwatanta waɗanda Compassion ta ɗauki nauyinsu suna yara da 'yan'uwansu da ba su samu ba. Sun ga ƙarin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi a makaranta, da ƙarin mutum 12 zuwa 18 cikin kowane 100 da suka kammala sakandare, da ƙarin kamar 5 zuwa 6 cikin 100 da suka sami aikin albashi. Sun danganta wani kaso na nasarar da buri: yaron da ake zama da shi sa'o'i da dama duk mako ana tambayarsa me yake so ya zama, yakan ɗaga kai. Ƙungiya ɗaya aka auna, don haka ba a yi wa sauran shaida da wannan ba.

Maganar addini ita ce ba ta taɓa kwanciya ba. A 1994 manyan ƙungiyoyin agaji, har da Caritas ta cocin Katolika da Majalisar Coci-coci ta Duniya, suka amince da ƙa'idar cewa ba za a yi amfani da agajin gaggawa wajen tallata addini ko siyasa ba. Christian Children's Fund ta cire kalmar Kirista daga sunanta a 2009, ta zama ChildFund. World Vision ta ce ba ta sharɗanta taimako da sauya addini. Compassion ba ta ɓoye cewa koyar da bishara yana cikin shirinta, ko da yake tana karɓar yaran kowane addini. A takarda iyaye sun san da haka kuma sun yarda. Amma uban da ba shi da kuɗin makaranta, ga hanya ɗaya tak a gabansa, yardarsa ba ɗaya take da ta mai zaɓi biyu ba. Gwamnatin Indiya ta toshe wa Compassion hanyar shigo da kuɗi bisa zargin sauya wa yara addini, zargin da ƙungiyar ta musanta, ta kuma rufe aikinta a Maris 2017 bayan shekara 48. Yara kimanin 145,000 ne tallafin ya yanke musu, kuma ba da su aka yi rigimar ba.

Akwai waɗanda suka kauce wa hoto da wasiƙa gaba ɗaya. Ƙungiyar makarantun talakawa ta Fe y Alegría ta fara a 1955 a wata unguwar talakawa ta Karakas, babban birnin Benezuwela, lokacin da wani magini, Abraham Reyes, ya ba limamin Katolika na ƙungiyar Jesuit, José María Vélaz, wani ɓangare na gidansa a yi aji. A ƙasashe da dama gwamnati ce ke biyan malamanta, ita kuma ta riƙe gudanarwa. Makarantar Cristo Rey da aka buɗe a Shikago a 1996 ta bi wata hanyar: ɗalibai huɗu su raba gurbin aiki ɗaya a ofis, kowa ya yi kwana biyar a wata, ladan ya biya babban kaso na karatunsu.

Ɓangaren sana'a ne dai har yanzu tsugune ba ta ƙare ba. David McKenzie na Bankin Duniya ya tattara gwaje-gwajen horon sana'a daga ƙasashe masu tasowa a 2017, ya ga cikin kowane mutum 100 da aka ba horo, waɗanda suka sami aikin da ba don horon ba da ba su samu ba, ba su kai 3 ba, alhali ana kashe dala 1,000 zuwa 2,000 a kan kowane ɗaya. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Cibiya takan koyar da abin da take da malami da kayan aikinsa, ba abin da kasuwa ke nema ba, sai a yaye teloli 50 a unguwar da goma sun ishe ta. Wanda aka yaye ya fito da satifiket, ba keke, ba jari, ba shago. Shi ya sa cibiyoyin da suka farga suke tambayar masu ɗaukar ma'aikata kafin su buɗe aji, suna tura ɗalibai wajen masu sana'a na gaske, suna kuma sa kayan aiki da ɗan jari a cikin lissafin tun ranar farko.