Zuba jari a filaye da gidaje a Arewacin Najeriya

Zuba jari a filaye da gidaje shi ne sayen fuloti, kango ko gida don samun riba, ko dai ta kuɗin haya ko ta sayarwa idan wurin ya yi daraja. A Kano da Kaduna da Abuja 'yan kasuwa da ma'aikata da dama na ɗaukarsa ma'ajiyar dukiya, musamman bayan faɗuwar darajar naira daga 2023.

Tushen harkar shi ne Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Saboda haka abin da mai saye ke biya wa kuɗi haƙƙin zama ne da amfani, wanda galibi ake rubuta masa wa'adin shekara 99 a takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O. A ƙauyuka ƙaramar hukuma ce ke ba da izini irin na gargajiya. Sashe na 22 na dokar ya hana sayar da filin birni ko jinginar da shi ba tare da amincewar gwamna ba, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hakan a shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989. Gwamna na da ikon soke mallaka domin aikin jama'a, kuma diyyar da ake biya ta abin da aka gina ko aka shuka ce. Fulotin da aka bari fayau shekara da shekaru ana jiran farashi ya tashi kusan ba shi da abin karɓa.

Kafin a biya ko sisi ana binciken lambar fili a hukumar filaye: AGIS a Abuja, KADGIS a Kaduna, KANGIS a Kano. Nan ake gane ko an jinginar da shi a banki, ko an sayar wa wani, ko hanya za ta bi ta kansa. Filayen awon igiya, waɗanda masu gonaki ke yankawa a bayan gari, sun fi araha, amma takardar cinikin da mai unguwa da shaidu suka sa wa hannu ba ta hana rusau idan tsarin birni ya iso.

Filin gado na yawan jawo shari'a, kuma abin takaici ne yadda ake yawan yin cinikinsa da babban wa shi kaɗai alhali akwai mata da marayu a cikin magada. Ana neman takardar rabon gado daga kotu da sa hannun kowa. A mazhabar Malikiyya, wanda ke da kaso a filin da ba a raba ba yana da haƙƙin shufa'a, wato ya mayar wa baƙon mai saye kuɗinsa ya karɓe kason.

Dillali kuwa la'adarsa na fitowa ne idan ciniki ya faɗa, don haka maganarsa ba ta wadatar. Masu gogewa kan je duba wuri a tsakiyar damina, su tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya. Ambaliyar Maiduguri ta Satumbar 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau, ta nuna muhimmancin tambayar tudun fili kafin farashinsa.