Kiɗan sarewar gorar Japan bai kai shekara dubu ba

An daɗe ana yaɗa cewa kiɗe-kiɗen shakuhachi, sarewar gora ta Japan, wai tun shekaru dubu da wani abu aka kawo su daga Sin kuma har yau ba su canza ba. Ba laifin masu faɗa bane gaskiya, tushen labarin yana cikin wani littafi da aka buga 1795, amma masana tarihi basu ɗauke shi tarihi ba.

Eh wata sarewa ta shigo daga Sin tun tuni, amma mai huda 6 ce, ta yanzu 5 gareta, huɗu gaba ɗaya baya. Kiɗan da ake kira honkyoku, wato kiɗe-kiɗen gargajiya na shakuhachi, yawancinsu a zamanin Edo suka bunƙasa, 1603 zuwa 1868, hannun komuso, 'yan wata ɗarikar addinin Buddha masu yawon bara da kwando kife a kai, har gwamnati ta rushe ɗarikarsu 1871. Kuma baki da baki ake koya, malami ya busa ɗalibi ya maimaita, to dole a samu bambanci.

Ku gwada da kanku, ku nemi kiɗa ɗaya daga mabusa biyu ku saurara, sannan ku duba wajen wa kowanne ya koya. Dan Allah a tura wa wasu.