Serpico (fim na 1973)

Serpico fim ne na Amurka da ya fito a watan Disamba na 1973. Sidney Lumet ne ya ba da umarni, Al Pacino kuma shi ne jarumin. Fim ɗin ya ba da labarin Frank Serpico, ɗan sandan birnin New York da ya ƙi karɓar cin hanci, daga baya kuma ya tona asirin abokan aikinsa masu karɓa. An ɗauko shi daga littafin Peter Maas mai wannan suna, Waldo Salt da Norman Wexler suka rubuta shi don fim.

Asalin labarin

An haifi Frank Serpico a 1936 a Brooklyn, iyayensa 'yan Italiya ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka. Ya shiga aikin ɗan sanda a 1959. Da aka mai da shi sashen 'yan sandan farin kaya masu sa ido kan caca da makamantanta, sai ya tarar akwai tsari: masu gidajen caca suna biyan kuɗi duk wata, ana tarawa a raba wa jami'ai, kowa da kasonsa. Wajajen 1966 aka miƙa masa ambulan ɗauke da dala 300. Ya kai ƙara sama, ba a yi komai ba.

Shekaru ya yi yana bin manya, shi da abokin aikinsa David Durk, har ofishin magajin gari, ana yi musu jeka-ka-dawo. Daga ƙarshe suka kai maganar jaridar New York Times, wadda ta buga labarin a shafin farko ranar 25 ga Afrilu, 1970. Wannan ya sa magajin gari John Lindsay ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin lauya Whitman Knapp. Rahoton kwamitin ya raba gurɓatattun 'yan sanda gida biyu: "masu cin ciyawa", waɗanda ke karɓar ɗan na goro idan ya zo, da "masu cin nama", waɗanda ke fita farautar kuɗin da kansu. Kwamitin ya ga cewa masu cin ciyawa ne tushen matsalar, don yawansu da shirunsu ne ke rufa wa sauran asiri.

Ranar 3 ga Fabrairu, 1971, aka harbi Serpico a fuska yayin wani samamen kama masu ƙwaya a unguwar Williamsburg ta Brooklyn. Ya rayu, amma kunnensa na hagu ya daina ji. Har yanzu ana taƙaddama kan ko abokan aikinsa na wannan dare da gangan suka ƙi kai masa ɗauki. Ya ba da shaida gaban kwamitin Knapp a Disamba 1971, ya bar aiki a 1972, ya tafi Turai.

Labarin fim

Fim ɗin ya buɗe da Serpico jina-jina a bayan mota ana garzayawa da shi asibiti, sannan ya koma baya zuwa ranar da ya gama horo. Abin da Lumet ya fi tsayawa a kai shi ne kaɗaicin mutumin da ya ƙi ci a inda kowa ke ci. Abokan aikinsa ba su ɗauki ƙin karɓar kuɗinsa a matsayin gaskiya ba, barazana suka ɗauke shi, domin wanda bai ci ba zai iya magana. Ba a kuma nuna shi waliyyi ba: yana da saurin fushi, yana da taurin kai, zargi da tsoro sun sa ya rabu da matan da yake nema. An canza sunayen yawancin mutanen gaske. Durk ya zama Bob Blair, wanda Tony Roberts ya fito a matsayinsa.

Yadda aka shirya shi

John G. Avildsen aka fara ba aikin umarni, sai suka saɓa da furodusa Martin Bregman, Lumet ya karɓa gab da fara ɗauka. An ɗauki fim ɗin a titunan New York, a wurare sama da 100. Saboda Serpico yana ƙara gemu da suma a tsawon labarin, sai aka fara ɗauka daga ƙarshe, ana rage wa Pacino gashi kaɗan-kaɗan har ya koma sabon kurtu mai aski. Mikis Theodorakis, ɗan ƙasar Girka, shi ya yi kiɗan.

Karɓuwa

Pacino ya ci kyautar Golden Globe, an kuma sa shi takarar Oscar ta gwarzon jarumi, wadda Jack Lemmon ya ɗauka a wannan shekara. Rubutun fim ɗin ma ya shiga takarar Oscar. A 1976 tashar NBC ta yi shiri mai dogon zango da wannan suna, David Birney ne jarumi, amma bai daɗe ba aka tsayar da shi.