Labaran binciken kisa masu taushi da fatalwa a ciki

Wannan wani reshe ne na ƙagaggun labaran binciken laifi da aka fi rubutawa a Amurka da Ingila, wanda Turawa suke kira cozy mystery. Ana ce masa mai taushi ne saboda ba a baje jini da batsa a gaban mai karatu. Kisan yakan auku a bayan fage, a wani ƙauye ko ƙaramin gari inda kowa ya san kowa. Mai binciken kuma ba 'yar sanda ba ce. Galibi mace ce mai shagon littattafai ko gidan burodi, wadda tsegumin gari da sanin halin maƙwabta suke kai ta inda hukuma ta kasa kaiwa.

Asalin salon yana komawa ga marubuciyar Ingila Agatha Christie da Miss Marple, tsohuwa mai bincike da ta ƙirƙira a labaranta, wadda littafi na farko a kanta ya fito a 1930. A wancan zamani ba a yarda da gaibu a irin wannan rubutu ba. A 1929 Ronald Knox, limamin Katolika kuma marubuci, ya tsara ƙa'idoji goma na labarin bincike, ta biyu daga ciki kuwa ta haramta duk wani abu na gaibu, domin a ba mai karatu damar gano mai laifi da hankalinsa.

Marubutan baya sun keta wannan ƙa'ida, amma da dabara. A jerin littattafan Nancy Atherton da aka fara a 1992, marigayiya Anti Dimity tana magana da wata Ba'amurkiya mai suna Lori ta cikin wani littafi mai shuɗin bango: Lori ta buɗe shafi fari fat, sai rubutun hannu ya riƙa bayyana layi bayan layi. Wasu marubutan suna kawo mayya mai kirki, ko mai duba, ko kyanwa mai wayon da ya wuce na dabba.

Wuyar aikin tana wajen iyakance ikon gaibun, domin in fatalwa ta san komai, to labari ya ƙare tun a babi na farko. Shi ya sa ake sa mamacin ya manta daren da aka kashe shi, ko ya kasa fita daga gidan da ya mutu, ko kuma abin da mai duba ta gani ya zo a dunƙule, sai an yi ta tambaya kafin a warware shi. Hujjar da za ta kama mai kisa dole ta zama irin wadda kotu za ta karɓa, tunda ba a gabatar da fatalwa shaida.

Littattafan sukan fito a jere, wani jerin ya haura ashirin, kuma sau da yawa masu karatu sun fi komawa don mutanen garin fiye da don kisan.