Ba duk cunkoso a gindin kwando ne "zon" ba

Da zarar watan Maris ya kama, gasar ƙwallon kwando ta jami'o'in Amurka ta kankama, sai kalmar "zon" ta cika bakin masu sharhi da masu rubutu a Facebook. An zura wa ƙungiya jifan maki uku sau biyu a jere, sai ka ji an ce ai zon suke yi. An hango 'yan wasa huɗu sun taru a gindin kwando, shi ma zon ne. Har da masu amfani da kalmar kamar zagi, wato 'yan wasan sun gaji ko lalaci ya kama su. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin sau da yawa abin da ake kira zon ɗin kishiyarsa ce ke gudana a fili.

Kalmar daga Turanci ta zo, ma'anarta yanki. A tsaron yanki ana raba wa mutum biyar fili, duk wanda ya shigo ɓangarenka naka ne. A tsaron mutum-da-mutum kuwa, ɗan wasa guda ake damƙa maka, inda ya sa ƙafa nan za ka sa taka. Wannan kowa ya sani. Gane su da ido shi ne aikin.

Ka daina kallon inda masu tsaro suke tsaye. Zaɓi ɗan wasa guda wanda ba ya riƙe da ƙwallo, ka jira ya ruga daga wannan gefe zuwa wancan ta ƙarƙashin kwando. In mai tsaronsa ya bi shi har can, mutum-da-mutum ake yi. In ya raka shi taku biyu ko uku, ya nuna wa abokinsa shi da hannu, ya koma mazauninsa, to zon ke nan. Su kansu masu horarwa haka suke yi, a harin farko sukan tura mutum ya ratsa don a ga ko za a bi shi.

Abin da ke jawo ruɗanin shi ne, mutum-da-mutum na ƙwarai ba mannewa ba ne kamar kaska. Wanda mutuminsa ke kusa da mai ƙwallo yakan tare hanyar miƙa masa ita. Wanda nasa ke can ɗaya gefen kuwa, dole ya sake shi, ya matso har ƙafarsa ta taka akwatin da ke gindin kwando, ido ɗaya a kan ƙwallo, ɗaya a kan mutuminsa, don ya kawo ɗauki in an yanke abokinsa. Tsarin da mai horarwa Dick Bennett ya ƙirƙiro, wanda ɗansa Tony Bennett ya ci kofin ƙasa da shi a jami'ar Virginia a 2019, ya kai wannan ƙarshe: ana ƙaddara wani layi mai nisan kimanin ƙafa 16 daga kwando, mutum huɗu su kasance a cikinsa, mai tsaron ƙwallo kaɗai ke fita ya matsa lamba. A talabijin sai ka rantse zon ne. Amma kowannensu ya san mutuminsa, kuma zai bi shi duk inda ya nufa.

Wanda ke son ganin zon na ainihi ya nemi tsofaffin wasannin jami'ar Syracuse. Jim Boeheim ya horar da ƙungiyar daga 1976 zuwa 2023, kuma sunansa ya zama ɗaya da tsarin 2-3. Ana ƙirga lambobin ne daga sama zuwa gindin kwando: biyu a gaba wajen layin jifan kyauta, uku a baya, dogon cikinsu a tsakiya. Tsayuwar farko ke nan kawai, da an miƙa ƙwallo sau ɗaya ta watse. In ƙwallo ta je gefe, na bayan da ke wannan ɓangaren ne zai taso da gudu ya hana jifa, ya riƙe wurin har na gaba ya iso, sannan ya ja da baya. In ya makara da rabin daƙiƙa, an ci maki uku. In ya daɗe bai koma ba, an bar kusurwa a buɗe. In ƙwallo ta shiga tsakiya wajen layin jifan kyauta, dogon ne zai taso, su kuma na gefe biyu su tsuke ciki su rufe bayansa. In ta faɗa lungun da ke tsakanin kusurwa da kwando, mutum biyu su yi wa mai ita ƙawanya, layin fili ya zame musu na uku. Shi ya sa Boeheim ya riƙa neman yara masu dogayen hannuwa, domin hannu a sama shi ke tilasta a cilla ƙwallo ta bisa, ƙwallon da ta yi sama kuwa tana ba ƙafa lokacin isa.

A wasan ƙarshe na gasar jami'o'in a 2003, Syracuse na gaban jami'ar Kansas da maki uku, saura 'yan daƙiƙu, ƙwallo ta isa hannun Michael Lee na Kansas a kusurwa, ba kowa kusa da shi. Hakim Warrick na Syracuse ya taso daga wajen kwando ya doke jifan waje. Aka tashi 81 da 78. Duk mai cewa zon hutu ne ya auna tazarar da Warrick ya ci a wannan ƙiftawar ido.

Zon yana da raunukansa, kuma sanannu ne. Mafi girma shi ne tsakiyar nan: samu ɗan wasa mai iya jifa da iya miƙa ƙwallo ka ajiye shi a layin jifan kyauta, ka raba zon gida biyu. Na biyu, a tara mutum uku a ɓangaren da masu tsaro biyu suke. Na uku, wanda ya fi cin rai, ƙwallon da ta bugi ƙarfe ta dawo. A mutum-da-mutum kowa ya san wanda zai tokare da bayansa. A zon sai an jefa sannan ka waiga neman jiki, kafin ka samu wani ya riga ya kutso. Sannan in ana binka maki a ƙarshen wasa, zon ba ya ƙwato ƙwallo da sauri, dole ka fito. Shi ma mutum-da-mutum da nasa ciwon: ana kafa wa mai tsaro shinge da jiki, ana farautar mafi rauni a cikin biyar ɗin a yi ta kai masa hari, ga yawan ƙeta, kuma a jami'a ƙeta biyar ke fitar da ɗan wasa.

Dalilin da ya sa muhawara kan zon ta fi zafi a jami'o'i doka ce. NBA, gasar ƙwararrun Amurka, ta haramta zon har zuwa 2001, kuma da ta halatta shi sai ta hana mai tsaro zama a akwati fiye da daƙiƙa uku ba tare da yana tsaron wani ba. A jami'a babu wannan doka, dogo na iya kafa sansani a gindin kwando. Dokokin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ma ba su da ita, don haka wasan da ake bugawa a Kano ko Yamai ya fi kusa da na jami'a a wannan fanni. Ga kuma agogo: tun 2015 daƙiƙa 30 ake ba masu hari, zon kuwa gwani ne wajen sa a ɓata goma sha biyar ana zagaya ƙwallo a waje. A gasar Maris kwana guda ke tsakanin wasa da wasa a ƙarshen mako, bai isa a koyi fasa tsarin da ba a saba gani ba. Da haka Syracuse ta kai zagayen kusa da na ƙarshe a 2016 tana matsayi na 10 a rukuninta. A 2018 har Mike Krzyzewski, almajirin fitaccen mai horarwa Bob Knight kuma ɗan a-mutun mutum-da-mutum, ya mayar da ƙungiyarsa ta jami'ar Duke kan zon, ya doke Syracuse ɗin da shi 69 da 65.

Inda ba na goyon bayan zon shi ne wasan yara. Zon yana cin wasa a can saboda ƙananan yara ba su da ƙarfin jifa daga nesa, amma su tashi ba su iya tsayawa gaban mutum ba, alhali zon ɗin kansa sai wanda ya iya hakan yake yinsa da kyau.

Gwajin da na bayar a sama yana da inda yake gazawa. Akwai zon irin na mai horarwa John Chaney a jami'ar Temple, inda ake tsayuwar yanki amma kowa ya kama mutum a cikin yankinsa ya manne masa. Akwai kuma mutum-da-mutum da ake musanya mutane a duk shinge. Don raba su, ka ci gaba da kallo bayan musanyar: in mai tsaro ya bi sabon mutuminsa har ɗaya gefen fili, ko da dogo ne ya tsinci kansa a wajen layin maki uku, mutum-da-mutum ne. In dogon bai yarda ya yi nisa da gindin kwando ba duk yadda aka juya, a nan ne mai sharhi yake da damar cewa zon.